Lamba Uku a Takalmin Lauya

Shekara hamsin da takwas ina gyaran takalma a shagon da ke ƙasan gidana, kuma ban taɓa yaga wa mutum fata ba. Ku je ku tambaya. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma masu digiri a tsaye suke jirana, ƙafa ɗaya cikin safa, har sai na ga damar ɗago kai. Mota ta kife da mu, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai na fito ina kakkaɓe riga. Likitoci sun yanka cikina sau biyu, kuma duk biyun na riga na raka su makwancinsu. Gobara ta cinye layinmu kaf, ta zo bangona ta ji kunya ta tsaya. Na faɗi wannan ne don in kun ji abin da na yi da lamba uku, kada wani ɗan bana-bakwai ya ɗauka wawa ne ya yi shi.

Jikana Dogo malamin makaranta ne. Da ya yi aure na ba shi ɗakin sama, don abin da ake ba malami ba ya kama haya. Matarsa akawu ce a kamfanin jigilar kaya, shekarunta ashirin da bakwai, bakinta ya fi almakashina kaifi. Ina ce mata Amarya, tana ce mini Ango. Kullum da safe in za ta fita sai ta leƙo shago.

"Ango, har yau ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki gaji da wannan falwayar ki dawo wurin namiji."

"In ka nemo haƙora sai mu yi magana."

Haka muke. Sai uwar Dogo, 'yata ta biyu, wadda tun tana goye nake ce mata Rediyo. Ita ba ta gaida Amarya a fuska, a ciki take gaishe ta. Wata goma sha huɗu tana kallon cikin nan shafe kamar allo, ranar nan ta tsare Dogo ta matse shi. Shi kuwa bakinsa tsohon takalmi ne, taku biyu ya buɗe. Daga wurinsa ba ta zame ko'ina ba sai shagona.

"Baba, ka san abin da ke saman kanka kuwa? Wata goma sha huɗu, yaron nan da gwauro duk ɗaya! Da ya matso sai ta ƙame kamar katako, tana kuka, wai zafi."

"Ke, ubanki kike gaya wa wannan?"

"To wa zan gaya wa? Ko dai aljani ya aure ta, ko kuma ba ta son sa. Ɗaya cikin biyu."

Na kore ta, amma da yamma na kira Dogo na ba shi shawara irin ta maza. Na ce masa namiji ba ya sallama a ƙofar gidansa. Na ce a zamaninmu ba mu san wani zafi ba. Ya dube ni kamar na zubar masa da abinci, ya haye sama. Na ce a raina, yaran yanzu biredi ya lalata su.

Rediyo ta fara jigilar magani. Turare mai warin ƙonannar taya, ruwa a jarka kala uku, har da wani ƙato da ya zo ya yi ta daka wa aljanin tsawa a falo, ya sha lemo kwalba biyu ya tafi. Aljani bai ko yi tari ba, Amarya ce ta yi mako tana tari. Daga ƙarshe Rediyo ta yanke hukunci: wata biyu. In ƙarshen wata na biyu ya zo ba labari, za a zauna, yarinya ta koma gidan ubanta.

Abin mamaki, cikin makonnin nan sai na ga Amarya ta fara sakewa. Tana saukowa tana waƙa. Na ce to, shawarata ta fara aiki.

Wata Talata da hantsi, duk sun tafi aiki, iska ta dinga buga tagar banɗakinsu har ta hana ni jin labarai. Na ɗauki guduma na hau. Na gyara sakata, ina juyowa sai na gan su a kan kanta, an shanya su bisa farin tawul. Sanduna biyar na roba, farare, sumul, bakinsu a mulmule. Na farko bai wuce ƙaramin yatsana ba, kowanne ya ɗara na bayansa kaɗan. A gindin kowanne an buga lamba, ɗaya zuwa biyar. Karatu ne ban yi ba, amma lamba ni da ita tun kafin a haifi uban Dogo.

Ina ganinsu na gane su. Duk wanda ya yi sana'ata zai gane su. Abin buɗa takalmi ne na zamani. In takalmi ya matse, ba a cusa masa babban itace, ƙarami ake sa masa ya kwana, gobe a sa wanda ya fi shi. Na ce Allah sarki, ashe yaron nan yana da hankali. Ya ga itatuwana sun tsufa ya sayo mini na waje, yana ɓoyo sai ranar da zai ba ni mamaki. Akwai wani mai a kwalba a gefe, na shinshina, na goga a bel ɗina, bai kama fata ba. Na ce wannan an cuce shi.

A lokacin kuwa akwai takalmin wata Lauya da ya yi kwana tara yana raina ni. Ja ne, mai tsinin baki kamar na ɓera, yana cin ɗan yatsanta, kuma duk itatuwana sun yi masa kauri. Na auna da ido. Lamba uku. Na ce abin da za a ba ni ne, in na ara ai ban yi sata ba. Na sa a aljihu na sauko. Ya shige bakin takalmin nan kamar tare aka haife su.

Washegari sama ta rikice. Ina jin jan gado, ana zazzage durowa. Muryar Amarya ta sauko ta matakala.

"Umma ce ta ɗauka! Wa ke shiga ɗakin nan in ba ita ba?"

"Me mahaifiyata za ta yi da shi?" in ji Dogo.

"Ta kai wa mai tsawar nan mana!"

Na ɗauka ɗan kunne ne. Da suka sauko har wa'azi na yi musu a kan ajiya, na ce ni shekara hamsin da takwas ko basilla ban taɓa ɓatarwa ba. Suka wuce aiki.

Waƙa ta ɗauke. Bayan kwana goma Amarya ta sauko tana takawa a hankali, ta wuce shago ba ta tambayi ko na mutu ba. Kwana biyu bayan nan ta shigo da akwatinta ta dire mini a kan benci.

"Kaka, a gyara mini zif ɗin nan. Yau nake so."

Kaka, ba Ango ba. Na ajiye guduma.

"Ina zuwa?"

"Gida. Saura kwana biyar su zauna. Gara in fita da ƙafata kafin a nuna mini ƙofa."

Na juya akwatin, na ja zif, na tsotsi haƙoran da suka rage mini. Aikin minti biyar ne. Amma duk mai sana'ar hannu yana da wani makami da ko soja ba shi da shi.

"Gobe," na ce.

Gobe ta zo na ce zare ya ƙare. Jibi na ce ido na yi mini ruwa. Na taɓa riƙe takalmin wani kwamishina wata huɗu da goben nan, bare akwatin akawu. Rana ta huɗu ta turo Dogo ya karɓo mata ko an gyara ko ba a gyara ba. Ya sunkuya zai jawo akwatin daga ƙarƙashin benci, sai na ga ya daskare. Idonsa na kan jan takalmin Lauya, da farin abu a bakinsa.

"Kaka. Mene ne wannan?"

"Kai dai ba ka iya ɓoyo ba. Na gode, Allah ya yi albarka. Sai dai man da suka haɗa maka da shi na banza ne."

Ya zauna a ƙasa, shi da wandon aikinsa. Ya rufe fuska da hannu biyu. Na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce, daga baya kuma ta koma kukan. Sai da na buga masa takalmi a kafaɗa ya yi magana, yana kallon bango, ni ma ina kallon nawa bangon.

Ashe tun kafin Rediyo ta sa wa'adi sun je wurin likitar mata. Ita ta sa aka kawo musu sandunan, sai da suka yi mako uku suna jira. Na Amarya ne. Kullum takan keɓe ita kaɗai, ta kwanta, ta shafa man nan, ta yi numfashi a hankali, ta sa ƙaramin a gabanta na ɗan lokaci, har jikin ya daina tsorata da shi. In ya zauna lafiya kwanaki, ta matsa lamba ta gaba. Ta gama da ɗaya, ta gama da biyu, ranar da za ta fara uku aka nemi uku aka rasa. Kunya ta hana ta komawa ta ce wa likita an sace, ga wa'adi yana matsowa. Sai ta rufe ido ta tsallaka huɗu. Ta ji ciwo. Yanzu ko ɗaya jikin ba ya karɓa, an koma inda aka fara.

Na yi abin da duk babba yake yi in an kama shi. Na hau faɗa.

"Wane jahili ne ke tsallake lamba? Ku da kuka yi makaranta! Ko yaron shago ya san daga biyu sai uku!"

"Ukun na cikin takalmin Lauya, Kaka."

Na zare abin, na naɗe a jarida, na sa hula, na ce ya faɗa mini inda asibitin yake.

Layin mata ne zalla, ni kaɗai da gemu. Wata ta ce, "Baba, wata nawa ne?" Na ce mata na kusa, ta yi mini addu'a. Da na shiga na tarar da likitar yarinya ce, ba ta kai Rediyo ba. Na buɗe jarida a kan teburinta na ba ta labari tun daga taga. Ta cije leɓe, ta tashi ta sha ruwa, ta dawo.

"Baba, maganar mara lafiyata ba zan yi da kai ba. Amma ciwon zan iya gaya maka."

Ta faɗi sunansa, wai bajinismus, kamar wani ƙarfe a injin mota. Na ce ta bar sunan, ni na riga na gane aikin. Wuri ne ya yi kaɗan ake buɗa shi, kamar takalmi.

"A'a. Wurin lafiyarsa lau, ba abin da ya yi kaɗan. Kai matsoraci ne?"

Na ba ta labarin mota da gobara. Ta saurara har ƙarshe, yarinya mai tarbiyya.

"To buɗe idonka da kyau. Zan kawo yatsana kusa, ba zan taɓa ka ba. Kada ka ƙifta."

Ta kawo yatsa, ido ya rufe. Na ce ban shirya ba. Ta sake, ya rufe. Na ce fankarta ce. Ta kashe fanka. Sau biyar, ni da na kalli wuƙar likita sau biyu, idona ya ƙi jin maganata.

"Ka ƙi ni ne, Baba?"

"A'a."

"Aljani gare ka?"

"Ke, kiyaye ni."

"To haka tsokar wurin take yi. Tana damƙewa da kanta, ba da izinin mai ita ba, ko da tana son mijin kamar ranta. Sandunan ba buɗa ta suke ba, koya mata suke cewa ba abin tsoro. Shi ya sa ake bi a hankali. Duk ranar da aka yi mata ƙarfi, ko aka tsaya mata a ka da ƙirgen kwana, sai ta ƙara damƙewa. Ana warkewa, da yawa sun warke. Amma ba a sa mata rana."

Na tambaye ta yaushe wannan ciwo ya shigo, don a zamaninmu babu shi.

"Akwai shi, Baba. Ba a dai tambayi matan ba ne."

A nan ne wani tsohon abu ya faɗo mini a rai. Kafin kakar Dogo na auri wata, sa'ata ce, mai yawan dariya. Wata bakwai muka yi. Na bi shawarar abokai, irin wadda na ba Dogo, kalma ba ta bambanta ba. Dariyar ta ƙare, aka ce aljani ne, na sallame ta, na zauna cikin maza ina cewa ni ba a kawo mini wargi. Shekara hamsin da biyar ban tuna yadda take ƙanƙame gefen katifa ba sai a ofishin nan. Na ce ban taɓa yaga wa mutum fata ba, kuma gaskiya ne, ta takalmi nake nufi.

Likita ta ce lamba ukun nan ta gama aikin asibiti, kada ta koma sama. Aka yi sa'a akwai sabon saiti guda a kabad ɗinta. Ta ce a gaya wa mai shi ta dawo, ba faɗa za a yi mata ba.

Na sami Amarya a matakala na miƙa mata ƙunshin, ina kallon silin. Dogo ya riga ya gaya mata.

"Kwana goma sha shida ina tsine wa Umma a zuciyata," ta ce. "Ashe ɓarawon na ƙasa yana yi mini wa'azin ajiya."

"Tsinuwar ba ta lalace ba, ajiye ta, za ta yi amfani ranar Asabar."

"Ka san ciwon da na ji kuwa?"

Na ce mata akwatin dai sai gobe. Ta karɓi ƙunshin ta hau.

Asabar da la'asar Rediyo ta iso da mijinta, wanda shekara talatin ban ji ya ce komai ba sai "to". Aka zauna a falo. Rediyo ta buɗe tasha, ta kawo tarihin turare da jarka da irin haƙurin da ta yi. Na bari ta kai inda take numfashi, na ce ta matso.

"Buɗe idonki. Kada ki ƙifta."

"Baba, wane irin wasa ne wannan?"

"Wata dabara ce da na ƙirƙiro. Buɗe."

Na kai yatsa, ta ƙifta. Na sake, ta ƙifta har da kautar da kai. Na ce wa mijinta, "Ka gani? Wata goma sha huɗu zan ba ta. In ba ta daina ba aljani ne, ka mai da ita gidan ubanta."

"To," in ji shi.

Rediyo ta zabura za ta yi magana, Amarya ta riga ta. Ban shirya da ita ba, ita ta ga dama. Ba ta sunkuyar da kai ba.

"Umma, ba ni da aljani, kuma ina son ɗanki. Ciwo ne, yana da suna, yana da likita, ina kan magani. Na sha duk abin da kika kawo don kada ki ce na raina ki. Na fara samun sauƙi, ƙirgen kwananki ya sa na yi gaggawa na ji wa kaina ciwo. Ba zan ƙara ba. In zai ɗauki shekara, shekara zai ɗauka."

"Ka ji ko? Ka ji rashin kunya? Dogo, kana zaune!"

Dogo ya miƙe, sai da kansa ya kusa taɓa fanka.

"Umma, ba zan sake ta ba. Ko ta warke ko ba ta warke ba. Kuma laifina ne da na kawo miki maganar ɗakina."

Wata goma sha shida yaron nan yana neman harshensa, ashe yana nan a bakinsa. Jinina ne, ya dai makara.

Rediyo ta juyo kaina, wai in sa baki a matsayina na babba. Na ce na sa. Gidan nawa ne, ni na ɗora kowane bulo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma daga yau duk wanda ya hau matakalar nan da kalanda ko jarka, da guduma zan sauko da shi. Ta ce an shanye ni. Ta ja mijinta suka fita, yana bakin ƙofa ya waiwayo ya ce mini "to", kuma na rantse wannan karon da nufi ya faɗa.

Ban ƙara tambaya ba. Ni ba Rediyo ba ne. Na dai ga ana zuwa asibiti su biyu, wani makon da waƙa, wani makon babu. Akwai lokacin da aka yi kwana goma ba a tambayi mutuwata ba, na ja bakina na tsuke. Lauya kuwa ta karɓi takalminta, ta taka, ta ce duk garin nan ba mai hannuna, ta turo mini ƙawayenta shida masu takalman ɓera. In sun tambayi inda na samo farin abin nan sai in ce daga waje aka yo mini odarsa, likita ce ma ta ba da shawara.

Wata na shida bayan zaman nan, wata safiya, Amarya ta leƙo.

"Ango, har yau ba ka mutu ba?"

"Ina jiranki. Af, akwatin nan naki, gobe in Allah ya kai mu."

"Bar shi, ka zuba tarkacen fatarka a ciki." Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta kalli titi. "In kuma kana son sauran lambobin don takalmanka, ka yi magana. Na gama da su."

Ta fice kafin in ɗago. Na bi ta da murya har bakin titi, na ce ta riƙe kayanta, ni gwani ne, uku ta ishe ni.